Lauyan Talaka: Wa Ke Tsaya Wa Wanda Ba Shi Da Kuɗin Ɗaukar Lauya?

Idan 'yan sanda suka kama ɗan dako, ko direban adaidaita, ko yaron shago, aka kai shi gaban alƙali alhali duk abin da gidansu ya mallaka bai kai kuɗin lauya ba, wa zai buɗe baki a madadinsa? Shi kuma wanda zai tsaya masa ɗin, wa ke biyansa, da me yake riƙe nasa iyalin?

Tambayar ta taso da ƙarfi ranar 1 ga Nuwamba 2024, lokacin da aka gurfanar da gomman mutane a Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja, cikinsu har da ƙananan yara da aka kamo daga jihohi irin su Kano da Kaduna bayan zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agusta. Sun yi kusan wata uku a tsare. Wasu suka yanke jiki suka faɗi a cikin kotu, aka kuma sa belin naira miliyan 10 a kan kowane ɗaya. Bidiyo ya karaɗe ƙasa, lauyoyi suka yi ca, cikin 'yan kwanaki Shugaba Tinubu ya ba da umarnin a sake su.

Waɗannan yara sun samu abin da dubban tsararru ba su samu ba, wato idon duniya. Alƙaluman Hukumar Gidajen Gyaran Hali sun daɗe suna nuna cewa kusan biyu cikin kowane uku na mazauna gidajen yarin Najeriya ba a yanke musu hukunci ba, zaman jiran shari'a suke yi. Maganar mutum sama da 50,000 ke nan. Akwai lauyoyin da aikinsu shi ne bin sawun irin waɗannan mutane, amma jama'a da yawa ba su san da su ba. Waɗanda suka san da su kuma, wasu na ganin lauyan da gwamnati ke biya ba zai ja da gwamnati ba, wasu na cewa abin kyauta ba ya ƙarko, wasu kuma gaba ɗaya aikin suke ƙyama, suna cewa kare masu laifi ne.

Su wane ne lauyoyin agaji?

A karatu ba su da bambanci da kowane lauya. Digiri ɗaya, Makarantar Horar da Lauyoyi ɗaya, baƙar riga da hular gashi iri ɗaya da na lauyan banki. Abin da ya raba su shi ne inda kuɗi ke fitowa: wanda suke karewa ba shi ke biyan su ba.

Ginshiƙin aikin shi ne Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta Ƙasa, wadda ko a bakin Bahaushe an fi kiranta da Legal Aid. Tana ƙarƙashin Ma'aikatar Shari'a ta Tarayya, hedikwatarta a Abuja, tana da ofis a kowace jiha, lauyoyinta kuma ma'aikatan gwamnati ne masu ɗaukar albashi. Wasu jihohi sun kafa nasu. Legas ta buɗe Ofishin Mai Kare Jama'a tun 2000. Sai lauyoyin ƙungiyoyi, kamar ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA, da WRAPA mai kare haƙƙin mata, da LEDAP mai ba marasa hali kariyar shari'a, da PRAWA mai aiki a gidajen yari, da gidauniyar Isa Wali a Kano. Akwai kuma lauya mai ofishin kansa da kan ɗauki shari'a ɗaya ko biyu don Allah, ko kotu ta ɗora masa, da 'yan bautar ƙasa da ake turawa hukumar.

Wurin da ake yawan rikicewa shi ne tsakanin lauyan Legal Aid da lauyan Ma'aikatar Shari'a. Duka biyu gwamnati ke biyan su, duka biyu mutane na ce musu "lauyan gwamnati". Amma na ma'aikatar shi ke gabatar da ƙara, na agajin shi ke kare wanda ake ƙara. Dokar aikin lauya ta ɗora masa riƙe sirrin wanda yake karewa da yi masa aiki da gaskiya, daidai da yadda ta ɗora wa lauyan da aka biya miliyoyi. Idan ya ci amana, kwamitin ladabtarwa ɗaya ne zai hukunta su.

Asalin hukumar da wanda ya cancanta

Daga lauyoyi abin ya faro kafin gwamnati ta karɓa. A 1974 marigayi Chimezie Ikeazor da wasu abokan aikinsa suka kafa ƙungiyar sa kai ta kare marasa hali, shekara biyu bayan haka gwamnatin soja ta fitar da Doka mai lamba 56 ta 1976 da ta kafa hukumar. Da farko manyan laifuka kaɗan ta shafa, irin su kisan kai, daga baya aka riƙa faɗaɗawa. Dokar da ake aiki da ita yanzu ita ce ta 2011, wadda ta raba aikin gida uku: kare wanda ake tuhuma da laifi, taimako a ƙararrakin da ba na laifi ba, da wayar da kan jama'a game da haƙƙoƙinsu.

Ma'aunin cancanta shi ne mafi ƙarancin albashi na ƙasa. Wanda abin da yake samu bai wuce shi ba ya cancanta, kuma hukumar na da ikon duba wanda ya wuce idan akwai dalili na musamman. Mafi ƙarancin albashin nan naira 18,000 ne a 2011, ya koma 30,000 a 2019, ya zama 70,000 a 2024. Duk wanda ya san ƙauyukanmu da unguwanninmu ya san mutum nawa ne ke ƙasa da wannan layi. A takarda, miliyoyin 'yan ƙasa na da haƙƙi a kan hukumar. A ƙasa kuwa, lauyoyinta ba su kai yawan ƙananan hukumomi 774 ba, ko da an ce a raba ɗaya-ɗaya.

Inda mutum ke ɓacewa

Mutane na ɗaukar aikin lauya a matsayin dogon Turanci a gaban alƙali. Ga talaka, shari'arsa kan lalace ne tun kafin ya ga alƙalin, a cikin kwana biyun farko a caji ofis.

Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ce wanda aka kama yana da damar yin shiru har sai ya gana da lauya ko wani da ya zaɓa. Ya kuma ce a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu cikin kwana biyu. Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015, wadda jihohi suka yi irin tasu (Kaduna a 2017, Kano a 2019), ta ƙara da cewa dole a gaya wa wanda aka kama yana da haƙƙin samun lauya kyauta daga Legal Aid. Ta hana kama wani a madadin wani, wato a tafi da uba ko mata don ba a ga mai laifin ba. Ta hana kama mutum saboda bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki. Ta tanadi a ɗauki bayanin wanda ake zargi a gaban lauyansa ko jami'in agajin shari'a, ta kuma yi maganar naɗar iƙirari a bidiyo. A 2017 aka yi dokar da ta mai da azabtarwa laifi mai zaman kansa.

Duk waɗannan suna aiki ne idan akwai wanda ya san da su a wurin. Mutumin da bai iya karatun boko ba, aka rubuta masa bayani da Turanci, aka ce ya dangwala, bai san ya amsa laifin fashi ba. Shekara biyu ko uku bayan haka, wannan takarda ce za a miƙa wa alƙali, lauyan da ya zo daga baya kuma sai ya sha fama kafin ya nuna cewa da duka aka samo ta. Da a ce lauyan yana wurin a daren farko, da aikin awa ɗaya ya wadatar. Wannan tunani ne ya haifar da shirin ajiye lauyoyi masu jiran aiki a ofisoshin 'yan sanda, wanda rundunar ta amince da shi a cikin umarninta mai lamba 20. Shirin ya taimaka a inda aka gwada shi, sai dai ya fi dogara ga kuɗin masu ba da tallafi da 'yan bautar ƙasa, shi ya sa yakan yi ƙarfi a wasu garuruwa na ɗan lokaci sannan ya lafa.

Rami na biyu ya fi zurfi. 'Yan sanda kan kai mutum gaban majistare da tuhumar kisa ko fashi da makami, laifukan da majistare ba shi da hurumin sauraro. Iyakar abin da zai yi shi ne ya tura shi gidan yari kafin shawarar Ma'aikatar Shari'a ta fito kan ko akwai hujjar gurfanar da shi a babbar kotu. Fayil zai tashi daga caji ofis zuwa sashen binciken manyan laifuka, daga can zuwa ofishin daraktan gabatar da ƙararraki. A wannan tafiya ne ake sauya wa ɗan sanda mai bincike wurin aiki, ko fayil ya kwanta a ƙarƙashin wasu, ko mai ƙara ya daina zuwa. Babu wanda ya yanke shawarar a ɗaure mutumin shekara biyar. Kawai babu wanda aikinsa ne ya tuna da shi.

A 2012 Kotun ECOWAS ta yanke hukunci kan wani mai gyaran jikin mota da aka kama a Legas a 2003, ya shekara tara a tsare ta irin wannan hanya ba tare da an fara shari'arsa ba. Ta ce a sake shi a kuma biya shi diyyar naira miliyan 20. Dokar 2015 ta yi ƙoƙarin toshe ramin: umarnin tsarewa kwana 14 ne, ana iya sabuntawa a matakai, amma jimilla bai kamata ya wuce kimanin wata biyu ba kafin kotu ta ba da beli ko ta sallama. Ta kuma wajabta wa majistare ya leƙa ofisoshin 'yan sandan yankinsa duk wata. To amma kotu ba ta cika motsi da kanta ba. Sai wani ya shigar da takarda ya ce wa'adi ya cika.

Mafi yawan aikin lauyan agaji a nan yake. Ya je gidan yarin Kurmawa ko na Goron Dutse a Kano ya zauna da tsararru ɗaya bayan ɗaya yana tambayar wace kotu ta kawo ka, yaushe rabonka da fita. Ya bi fayil daga wannan ofis zuwa wancan. Ya nemo dangin da suka ɗauka ɗansu ya mutu ko ya tafi kudu. Ya roƙi alƙali ya sassauta sharaɗin beli, domin cewa sai an kawo babban ma'aikacin gwamnati ko mai takardar gida a cikin birni daidai yake da hana beli ga ɗan ƙauye. Wani lokacin ma abin da ya riƙe mutum tara ce. A Nuwamba 2023 Ministan Cikin Gida Olubunmi Tunji-Ojo ya ƙaddamar da sakin fursunoni 4,068 bayan an tara naira miliyan 585 daga masu hannu da shuni aka biya musu tara da diyya. In aka raba, bai kai naira 150,000 a kan kowane mutum ba.

"Yaya za ka kare mai laifi?"

Wannan ita ce tambayar da duk ɗalibin lauya a Arewa ya sha ji daga kawu ko malami, kuma bai kamata a raina ta ba. Masu yin ta na kafa hujja da aya ta 105 a Suratun Nisa'i, inda aka hana zama mai jayayya domin kare maha'inta. Suna kuma da shaidar ido: sun ga lauyoyin da ke jan shari'a da neman ɗagewa har shaidu su gaji, sun ga wanda kowa ya san ya yi kisa ya fito yana yawo a unguwa. Uwar da aka kashe wa ɗa ba za ta ji daɗin ganin an tsaya wa wanda ake zargi ba, kuma babu mai ikon ce mata ta ji.

Sai dai tambayar ta riga ta yanke hukunci kafin a yi shari'a. Wa ya ce mai laifi ne? Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulki ya ce mutum ba shi da laifi har sai an tabbatar, fiƙihu kuma ya ɗora kawo hujja a kan mai da'awa. Hadisin Ummu Salama da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya taɓo ainihin matsalar: Manzon Allah (SAW) ya gaya wa masu kawo masa ƙara cewa wataƙila wani ya fi wani iya tsara hujjarsa, sai ya yanke masa hukunci bisa abin da ya ji, to wanda aka yanka wa haƙƙin ɗan'uwansa kada ya karɓa, yanki ne na wuta. Gargaɗin yana kan mai cin haƙƙi da iya baki. Amma ya kuma nuna cewa mai gaskiya na iya faɗuwa don bai iya magana ba. Shi ya sa malaman Malikiyya suka yi babi guda na wakilci a husuma, yana nan cikin littafin Tuhfa na Ibn Asim da alƙalanmu ke karantawa. A da, dokokin kotunan alƙali da na yanki a Arewa sun hana lauya tsayawa a gabansu, sai bayan Kundin 1979 kotuna suka ce hanin ya ci karo da haƙƙin mutum na zaɓar mai kare shi. Ina ganin wani ɓangare na baƙuntar da muke yi wa lauya daga wancan zamani muka gaje shi.

Shari'ar Amina Lawal ta isa misali. A 2002 kotun shari'ar Musulunci ta Bakori ta yanke mata hukuncin jefewa bisa tuhumar zina, ba ta da lauya a lokacin. Babbar kotun shari'a ta Funtuwa ta tabbatar. Ranar 25 ga Satumba 2003 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci a Katsina ta soke hukuncin. Lauyoyinta, irin su Aliyu Musa Yawuri da Hauwa Ibrahim, da goyon bayan ƙungiyoyin kare haƙƙin mata na WRAPA da BAOBAB, daga cikin fiƙihun Malikiyya da dokar jihar suka ɗebo hujjojinsu: cewa mai iƙirari na da damar janye iƙirarinsa, cewa alƙali ɗaya ya zauna inda doka ta ce uku, da kuma hukuncin kwantaccen ciki da ke ba da damar jingina cikin ga tsohon miji. Haƙƙoƙin nan shari'a ce ta ba ta su tun farko, amma ba ta san da su ba.

Akwai iyaka da dokar aiki ta gindaya. Lauya ba shi da izinin yi wa kotu ƙarya ko kawo shaidar zur. Idan wanda yake karewa ya gaya masa shi ya aikata, ba zai tashi ya ƙirƙiro cewa yana wani gari a ranar ba. Abin da ya rage masa shi ne ya tabbatar an bi ƙa'ida, an tuhume shi da laifin da ya yi ba wanda ya fi shi ba, an kuma yi masa hukunci daidai gwargwado. Yaron da ya saci waya ya cancanci hukuncin satar waya, bai cancanci shekara huɗu a ɗaki ɗaya da 'yan fashi yana jiran fayil ba.

Sukar da ta fi damuna daga ɗaya gefen take zuwa, wato lokacin da lauyan agaji ya zama ado. A shari'o'in waɗanda ake zargi da alaƙa da Boko Haram da aka fara a barikin Kainji a Oktoba 2017, lauyoyin Legal Aid ne suka tsaya wa ɗaruruwan mutane. An sallami da yawa da suka shekara da shekaru a tsare, wannan alheri ne. Amma ƙungiyar Human Rights Watch ta ruwaito cewa an yi shari'o'in cikin gaggawa, kuma lauyoyin ba su samu isasshen lokacin ganawa da waɗanda suke karewa ba. Lauyan da aka miƙa wa fayil da safe ya tsaya da rana ya cika sharaɗin doka, amma bai kare kowa ba. Laifin bai tsaya kansa ba, yana kan wanda ya ɗora wa mutum ɗaya aikin mutum goma.

Hanyar shiga, da abin da ke korar mutum

Shekara biyar a jami'a, ɗaya a Makarantar Horar da Lauyoyi (hedikwatarta na Bwari, tana da rassa har da Bagauda a Kano da kuma Yola), sannan a rantsar da mutum, sannan bautar ƙasa. Jami'o'i irin su Ahmadu Bello, Bayero, Usmanu Danfodiyo da Maiduguri na koyar da shari'ar Musulunci tare da dokar zamani, kuma wanda ya haɗa biyun ya fi amfani ga talakan Arewa, domin ƙararrakin aure, gado, riƙon yara da filaye mafi yawa a kotunan shari'a da na yanki ake yin su. Tun bayan kafa NULAI, ƙungiyar cibiyoyin agajin shari'a na jami'o'i, a 2003, tsangayoyin shari'a da dama sun buɗe cibiyoyin da ɗalibai ke koyon aiki ta hanyar sauraron marasa hali da ziyartar gidajen yari a ƙarƙashin malamansu. Yawancin waɗanda suka riƙe aikin nan daga baya a irin wannan wuri suka fara ɗanɗana shi.

Ga matashin lauya, ribar aikin a fili take: yana tsayawa gaban alƙali tun shekarar farko, alhali takwaransa a babban ofis na iya shekara biyu yana ɗaukar wa maigida jaka. Daga nan wasu kan zama majistare, wasu su shiga Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ko ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa. Hauwa Ibrahim, wadda ta taso daga ƙauyen Hinna a Gombe, ta samu kyautar Sakharov ta Majalisar Turai a 2005 saboda irin wannan aiki.

Amma kuɗin aikin lauya a Najeriya yana wurin kamfanonin mai, bankuna, filayen Abuja da ƙararrakin zaɓe. Wanda ya shafe shekara shida yana karatu, iyaye suka sayar da gona ko shanu, ƙanne na jiran sa, ba zalunci ya yi ba in ya nufi can. Lauyan agaji kuwa yakan sa mai daga aljihunsa ya je kotun da ke wata ƙaramar hukuma, ya tarar motar gidan yari ba ta kawo tsararru ba, a ɗage zuwa wata mai zuwa. Yakan biya kuɗin buga takardu, wani lokacin har kuɗin motar komawa gida na wanda aka sallama. Na ƙungiya kuma aikinsa na rataye da tallafin waje. Ranar da shirin ya ƙare albashi ya ƙare, shari'o'in da ya ɗauko kuwa suna nan a buɗe.

Har tsarin girmamawa bai taimaka ba. Muƙamin Babban Lauya, wato SAN, ana auna shi ne da yawan shari'o'in da mutum ya kammala a babbar kotu, kotun ɗaukaka ƙara da Kotun Ƙoli. Wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana fito da mutane daga caji ofis da kotun majistare ba ya tara irin wannan lissafi. Dokar 2011 ta ce mai neman muƙamin sai ya nuna ya yi aƙalla shari'a uku kyauta a shekarar da ta gabaci nemansa. Abu ne mai kyau, amma shari'a uku a shekara ba ta kusa da abin da lauyan hukumar ke riƙe da shi a mako guda ba.

Ga kuma matsalar wuri. Lauyoyi sun taru a Legas, Abuja, Fatakwal da manyan biranen jihohi, akwai ƙananan hukumomin da babu ofishin lauya ko ɗaya. A Nijar ma haka abin yake: an kafa hukumar agajin shari'a ta ANAJJ da dokar 2011, amma mafi yawan lauyoyin ƙasar a Yamai suke, nesa da mai ƙara a Maraɗi ko Damagaram. Ƙarancin mata a aikin shi ma gibi ne babba. Matar da mijinta ya kore ta ya riƙe 'ya'ya, akwai abin da ba za ta iya faɗa wa baƙon namiji ba, kuma sau da yawa abin da ta ɓoye ɗin shi ne hujjarta.

Saɓani kan mafita

Masu ra'ayin farko na cewa a ɗauki lauyoyi da yawa a biya su da kyau, kamar yadda Afirka ta Kudu ta yi da ofisoshinta na agajin shari'a masu lauyoyin albashi. Masu adawa na cewa kuɗin ya yi yawa, kuma aikin gwamnati na kashe himma. Na biyu na cewa a matsa wa lauyoyi masu zaman kansu, tunda suna da yawa, kowa ya ɗauki rabonsa. Matsalar ita ce shari'ar da ba a biya ba ita ake fara ajiyewa in aiki ya yi yawa. Na uku na nuni da Malawi, inda tun 2000 aka horar da mutanen da ba lauyoyi ba suna shiga gidajen yari da ofisoshin 'yan sanda, suna koya wa tsararru yadda ake neman beli, suna bin fayil, suna miƙa wa lauya abin da ya fi ƙarfinsu kawai. Dokarmu ta 2011 ta amince da irin waɗannan mataimaka. Wasu lauyoyi na ɗari-ɗari da su don tsoron 'yan damfara da rage musu kasuwa, amma mutumin da ake magana a kansa bai taɓa zama kasuwar kowa ba.

Ni dai a ganina na farko da na uku ya kamata a haɗa, sa kai ya zama ƙari. Gwamnati na biyan wanda ya kama, da wanda ya gabatar da ƙara, da alƙali, da gandiroba. Mai karewa kaɗai aka bar wa jin ƙan mutane, abin ya zama mangalar da aka cika ɓari ɗaya, dole ta rinjaya. Batun kuɗi ma bai hana ba. A 2024 an ƙara kuɗin ciyar da fursuna ɗaya daga naira 750 zuwa 1,125 a rana. Mutum 50,000 masu jiran shari'a na cin sama da naira miliyan 56 kullum, ban da magani, gadi da sufuri, ban da kuma abin da iyalansu suka rasa na mai nema. Ko kaɗan daga cikinsu aka sallama da wuri, an fanshe albashin lauyoyi masu yawa.

Jihohi ne ya kamata su fi jin wannan magana. Mafi yawan tsararru dokokin jiha ake zargin sun karya, kotunan jiha ne suka tura su, ma'aikatun shari'a na jiha ne ke riƙe da fayilolinsu, amma tarayya ke ciyar da su, ita ke biyan lauyan da ke kare su. Gyaran kundin tsarin mulki na Maris 2023 ya ba jihohi ikon kafa gidajen gyaran hali nasu. Gwamnan da zai fara biyan kuɗin abincin masu jiran shari'a daga asusunsa zai gane amfanin ofishin mai kare jama'a da wuri.

Idan abin ya zo gidanku

A je caji ofis da wuri, kada a bari sai an kwana uku ana neman wanda ya san wani. A gaya wa wanda aka kama kada ya sa hannu ko ya dangwala a takardar da ba a karanta masa da harshen da yake ji ba. A kotu ma yana da haƙƙin tafinta kyauta. Belin 'yan sanda kyauta ne a doka, kuma dokar 2015 ta ce ba a hana mace tsaya wa mutum don kawai ita mace ce. A nemi ofishin Legal Aid na babban birnin jiha, ko reshen ƙungiyar lauyoyi ta NBA, ko FIDA idan abin ya shafi mace ko yaro, ko cibiyar tsangayar shari'a ta jami'a mafi kusa. A yi hattara da masu tare mutane a bakin kotu suna cewa su lauyoyi ne ko sun san alƙali.

Idan kuma an riga an tura shi gidan yari, akwai abubuwa huɗu da dangi za su rubuta su adana: sunan ofishin 'yan sandan da ya kama shi, sunan kotun da ta tura shi, lambar ƙarar, da ranar da aka tura shi. Da waɗannan ne lauya zai gano inda fayil ya maƙale, ya lissafa ko wa'adin tsarewa ya wuce, ya kuma nemi a sa sunansa cikin waɗanda Babban Jojin jiha zai duba idan ya kai ziyarar rage cunkoso gidan yari.